A goge sunayen waɗanda suka bar aiki daga manhaja, ko a taskance su?

Sani_Apapa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin ofishin kula da ma'aikata. Kamfanin sufuri ne da sito-sito a wajajen Apapa: direbobin tirela, yaran mota, masu lodi, masu gadi. Kun san yadda aikin yake, a ɗauki mutum yau, kafin wata uku ya kama gabansa. Yanzu sunayen da ke cikin manhajar ma'aikata sun kusa 1,900, alhali masu karɓar albashi ba su wuce 450 ba. Ka buga suna ɗaya, mutum tara su fito. Masu manhajar kuma a kan kowane kai suke caja duk wata. Maigida ya ce a goge duk wanda ba ya aiki a huta. Gogewar ta halatta a doka? In ba ta halatta ba, yaya ake kawar da su gefe ba tare da an dagula lissafin albashi ba?

Hajiya_Rabi_Ikeja: Wa alaikumus salam Malam Sani. Kada ka goge ko mutum ɗaya tukuna. Fara da karanta yarjejeniyarku da masu manhajar. Da yawansu masu aiki kaɗai suke ƙirgawa, wanda aka sa wa ranar barin aiki aka rufe fayil ɗinsa ba ya shiga caji. In haka naku yake, to kuɗin da kuke biya na rashin rufe fayil ne, ba na yawan sunaye ba.

Sannan waɗannan 1,450 ɗin ba duka ne suka rabu da kamfanin ba. Sai an tankaɗe su. Wanda aka dakatar ana bincike, da mai hutun haihuwa, da mai jinya, da wanda ya ɗauki hutu ba albashi, duk ma'aikatanku ne har gobe, a bar su a fili, matsayinsu kawai za a canja. Masu shiga taska su ne wanda ya ajiye aiki, wanda aka sallama, wanda kwantiraginsa ya ƙare, mai ritaya da mamaci. Akwai rukuni na uku mai ciwon kai, wato waɗanda suka ɓace ba sallama, kuma a harkar direbobi su ne suka fi yawa.

Akanta_Lawal: Hajiya ta gama magana, bari in ƙara ta ɓangaren haraji. Kowane kamfani yana miƙa wa LIRS, hukumar harajin Jihar Legas, rahoton harajin albashi na shekara zuwa 31 ga Janairu, kuma duk wanda aka biya a shekarar da ta gabata yana cikinsa, ko da wata biyu ya yi ya tafi. Ka goge mutumin da ya bar aiki a Mayu, Janairu ta zo jimillar rahotonka ta ƙi daidaita da abin da ka riƙa turawa duk wata. Masu binciken haraji kuma suna iya komawa baya har shekara 6. Dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, ita ma shekara 6 ta ce a ajiye takardun lissafi, jadawalin albashi kuwa takardar lissafi ce.

Wani abin da ake sakaci da shi: adireshi. Harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, ba inda ofis yake ba. Direban da ke kwana a Sango Ota ko Mowe ko Ibafo, harajinsa na Ogun ne ko da a Apapa yake lodi. Ranar da jihohin biyu suka zo kowacce tana cewa nata ne, tsohon adireshin da ke fayil ɗinsa shi ne hujjarka. Saboda haka kada a taskance adireshin ƙarshe kawai, a bar tarihin canje-canjen da ranakunsu.

DanMile12: To ni dai abin da na sani shekara 3 ne doka ta ce. Ina 6 ta fito?

Barista_Hadiza: @DanMile12 kai ma da gaskiyarka, dokokin ne daban-daban. Sashe na 75 na Dokar Ƙwadago shi ya ce shekara 3, kuma ya faɗi abin da za a ajiye: suna da adireshi, garin asali, ranar haihuwa, magaji da adireshinsa, rana da wurin ɗauka aiki, da ranar barin aiki. Amma wannan shi ne mafi ƙaranci. Ƙarar da ta shafi yarjejeniya a Jihar Legas ana iya shigar da ita cikin shekara 6, kuma rigimar aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa take zuwa, inda takarda ce ke magana. Tsohon direba ya ce ba a biya shi albashin wata uku ba, kai ka ce an biya, alƙali zai ce ina shaida.

Sai dai akwai ɗaya gefen da kowa ya tsallake. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Ke nan ajiyar har abada ita ma saɓa doka ce. Kamfani ya rubuta jadawali: wane bayani, shekara nawa, saboda wace doka, wa ke da ikon gogewa. Duk fayil ɗin da ake shari'a ko bincike a kansa kuma a sa masa alama, agogonsa ya tsaya har a gama.

Injiniya_Bashir: Bari in shiga cikin injin. Rumbun bayanan ma'aikata ba tebur ɗaya ba ne. Akwai teburin ma'aikata, sannan akwai na albashi, na hutu, na bashi, na halartar aiki, na kayan da aka ba mutum, duk suna rataye da lambar ma'aikaci. In ka goge layin mutum ɗayan biyu ne zai faru. Ko manhajar ta ƙi, wanda shi ne alheri, ko kuma an saita ta da ON DELETE CASCADE, ta bi duk teburan nan ta share abin da ya shafe shi ba tare da ta tambaye ka ba. Masu tsohon Microsoft Access su leƙa tagar Relationships, akwai wani akwati "Cascade Delete Related Records", in an ƙyasta shi aikinsa ke nan.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar layin inda yake, a cike ranar barin aiki da dalili, a canja matsayi. A manhajar Odoo maɓallin Archive abin da yake yi ke nan, yana mayar da gurbin active zuwa False, sunan ya ɓace daga jeri, ka zaɓi matatar Archived ya dawo. A manhajar OrangeHRM ana yi ta Terminate Employment a shafin Job, sannan a wurin nema ka zaɓi na yanzu kaɗai, ko na da kaɗai, ko duka.

Yadda zan tsara aikin: a jira a rufe albashin wata, kada a taɓa komai a tsakiyar lissafi. A ɗauki cikakken kwafin rumbun, a ɗora shi a wata na'ura a tabbatar yana buɗewa, don kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. A fitar da sunayen da ba su karɓi albashi ba a wata 3 na ƙarshe, a raba wa shugabannin sassa kowa ya sa hannu a nasa. A rubuta lambobi uku kafin a fara: yawan masu aiki, jimillar albashin watan jiya, jimillar albashin bara. A fara da mutum 20, a sake fitar da lambobin nan. In ba su motsa ba a ci gaba 100-100.

Umar_Sabar: Injiniya, ban yarda da barin su a tebur ɗaya ba. Muddin layin yana nan, duk wanda ya rubuta sabon rahoto ya manta sharaɗin matsayi, tsofaffin za su fito. Haka ake tura wa wanda ya rasu saƙon barka da sallah, haka sunan korarre ke komawa jerin da ake aika wa banki. A kwashe su zuwa rumbu daban, mai kalmar sirri daban, karatu kaɗai ba gyara. Mutum biyu su riƙe mabuɗin.

Injiniya_Bashir: @Umar_Sabar rumbu daban yana da kyau ga mutum dubu ɗari, ba 1,900 ba. Wannan adadin ko wayar hannu ba ta jin nauyinsa. Kuma ka duba wahalar: duk sanda masu manhaja suka ƙara gurbi a sabon fitowa, tsarin rumbun taskar ya tsaya a baya, ranar da za ka dawo da mutum gurabe su ƙi haɗuwa. Maganin mantuwar masu rahoto shi ne a gina musu view, wato tagar leƙa tebur, mai nuna masu aiki kaɗai, a hana su taɓa asalin teburin. Ban da haka Malam Sani hayar manhaja yake yi ta intanet, ba shi da hannu a rumbun balle ya raba shi biyu.

Umar_Sabar: Ta nan ka kama ni, na ɗauka a sabarsu take. Amma a kan izini ina nan a bakana. Ƙaramin akawun da ke shigar da hutu ba shi da dalilin ganin takardar korar wani ta shekara 5 da ta wuce.

Maman_Khalifa: Ku dawo kan mutane, injiniyoyi. Ni fansho ne damuwata. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 na asusunsa. Kamfanin fanshonsa zai nemi takardar barin aiki, kuma yakan nemi wasiƙa daga tsohon wurin aikin cewa an tura kuɗinsa duka. Ga shi nan zai dawo ƙofarku bayan wata huɗu ko shekara biyu. Wani kuma sai ya zo ritaya ake gano akwai watannin da ba a zuba ba, shekara 15 bayan ya bar ku. Shi ya sa nake ganin jadawalin tura fansho da lambar PEN, wato lambar asusun fansho, ta kowa kada a sa su a layin shekara 6. A bar su.

Mamaci kuwa kada a rufe fayil ɗinsa sai an gama da inshorar rai, wadda doka ta ce kada ta gaza ninki 3 na albashin shekara. Magada sukan taso daga Arewa da takardun kotu bayan watanni, wani lokaci sunan da ke takardarsu ya bambanta da na fayil da harafi ɗaya. Fam ɗin magaji da marigayin ya cike da hannunsa shi ke raba gardama.

Barista_Hadiza: Maman Khalifa, na yarda, amma a bambance. Suna, lambar ma'aikaci, muƙami, ranar shiga da fita, lambar fansho da tarihin turawa: waɗannan akwai hujjar riƙe su da daɗewa. Sakamakon gwajin asibiti, hoton katin banki, bayanan matarsa da 'ya'yansa na inshorar lafiya, takardun masu tsaya masa: wace hujja za ka kawo bayan shekaru? In aka sace rumbun, doka ta ba ka awa 72 ka sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan satar na iya cutar da mutanen, kuma duk abin da ka tara ba dalili ya ƙara maka laifi ne. Ba fayil ɗin gaba ɗaya ake yanke wa wa'adi ba, kowane kashi da nasa.

Baba_Idi_Araba: Allah ya saka da alheri. Mu da muka saba da fayil na takarda muna karatu.

Nura_IT: Abin da ke cinye kuɗi a ɓoye bai ma cikin manhajar ma'aikata. Rufe fayil ɗin mutum ba ya rufe masa ƙofa. A Odoo ma'aikaci daban, asusun shiga daban, kuma asusun shigar ne ake biya wa lasisi, sai a duba shi ma an rufe. Imel na Microsoft 365 in ka goge mai shi kwana 30 kake da su ka dawo da shi. In ana buƙatar wasiƙun, a mayar da akwatin na tarayya kafin a cire lasisin, ba ya buƙatar lasisi muddin bai wuce 50GB ba. Sai katin mai, layin wayar kamfani, manhajar bibiyar motoci, zauren WhatsApp na direbobi, da jerin da ake aika wa kamfanin inshorar lafiya. Wannan na ƙarshen a duba shi yau, ana iya samun ana biya wa mutanen da suka tafi tun bara.

Na'urar dangwala yatsa kuma a cire zanen yatsan da zarar mutum ya tafi. Doka ta sa shi cikin bayanai masu tsanani, kuma ba abin da za ka yi da shi. Amma a sauke tarihin halartarsa tukuna. Kuma don Allah kada a ba sabon ma'aikaci tsohuwar lamba. Na'urori irin su ZKTeco lamba suke rubutawa da lokaci, ba suna ba. Ka ba sabon mai gadi lamba 214, duk makarar mai 214 na da ta koma kansa.

Sani_Apapa: Na gode ƙwarai. Na duba, gaskiyar Hajiya ce, masu aiki kaɗai ake caja. Matsalar yanzu fiye da rabin tsofaffin ba su da ranar barin aiki kwata-kwata, albashinsu kawai aka tsayar. Wace rana zan sa? Sannan akwai masu tafiya gida noma da damina su dawo bayan girbi, wasu suna da fayil uku.

Hajiya_Rabi_Ikeja: Kada ka sa ranar yau, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ka yi haka rahoto zai nuna mutum 800 sun bar aiki a wata ɗaya, shekarun aikin kowa su ƙaru da ƙarya, lissafin garatuti ya lalace. A bi hujja daki-daki: takardar ajiye aiki ko ta sallama in akwai, in babu ranar ƙarshe a rajistar halarta ko takardar lodi ta ƙarshe, in babu ƙarshen watan da aka biya shi na ƙarshe. A rubuta a gurbin bayani wace hujja aka bi da wanda ya amince.

Masu dawowa kuwa mutum ɗaya lamba ɗaya har abada, zangon aiki ne ke ƙaruwa. Kafin a buɗe sabon fayil a nemi mutum a cikin taska da lambar NIN, ba da suna ba, don Muhammad da Mohammed da Muhd duk manhaja mutum uku take gani. Masu fayil uku a zaɓi wanda ya fi tsufa a mayar da sauran ƙarƙashinsa, amma wannan aikin a sa masu manhajar su yi, ba a yinsa da hannu.

Kabiru_VI: A manhajar SAP ma tsarin ke nan. Ana bi ta shafin PA40 a yi matakin barin aiki, matsayi ya koma 0, lambar na nan, in ya dawo a sake ɗaukarsa a kanta. Kuma ba a datse bayanan albashi da na banki ranar da ya tafi, saboda biyan ƙarshe da gyaran baya. Gogewa ta shafin PU00 na wanda aka shigar bisa kuskure ne.

Akanta_Lawal: Batun biyan ƙarshe ya tuna min. Kada a taskance mai bashi. Rancen albashi, kuɗin kofaretib, kuɗin hanya da bai kawo rasit ba, ko kamfani ne ke riƙe da kuɗin hutunsa. Wasu manhajojin da zarar an rufe mutum sai bashinsa ya fita daga rahoton basussuka, littafin akanta na nuna kuɗi a waje, manhaja na nuna babu. Kuma in shugaban sashe ne ya tafi, a mayar da na ƙarƙashinsa hannun wani kafin a rufe shi, in ba haka ba duk neman hutunsu zai riƙa tafiya wurin wanda ba ya nan.

Malam Sani, ka gama wannan kafin Disamba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

DanMile12: Ni fa har yanzu ina ganin maigidan nan yana da hujja. Sunan da ke kwance a manhaja shi ne ake tayarwa a yi ma'aikacin bogi. Gwamnatin Tarayya ba don wannan ta kawo IPPIS, tsarinta na biyan albashi ta kwamfuta, a 2007 ba? Wanda aka goge ba ya tashi.

Injiniya_Bashir: @DanMile12 akasin haka ne. Mai son cusa na bogi sabon suna zai ƙirƙira, ko ya tayar da tsoho ya canja lambar asusun banki. Na biyun yana barin sawu in fayil ɗin na nan: wa ya tayar, yaushe, me ya canja. In ana gogewa kuwa, ya ci albashin wata shida ya share layin, ba abin da odita zai gani. Abin yi shi ne mai dawo da mutum daga taska daban, mai amincewa daban, kuma duk wata a fitar da jerin waɗanda aka tayar da waɗanda aka canja wa asusu kafin a tura wa banki.

Zainab_Agege: Ƙaramin gargaɗi ga masu fitar da bayanai zuwa Excel don ajiya. Lambar asusun banki 10 ce, da yawa da sifili suke farawa, lambar waya ma haka. Ka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye, Excel ya cinye sifilin, ka adana, shi ke nan ta zama 9. A shigo da shi ta Data, a mayar da waɗannan gurabe Text. Kwanan wata ma 03/04 kwamfutar da ke kan tsarin Amurka 4 ga Maris za ta karanta, a rubuta shekara-wata-rana a huta. Sannan fitarwar ba kasafai take haɗawa da takardun da aka ɗora ba, wasiƙar ɗauka aiki da lasisin tuƙi da sauransu, sai an sauke su daban. A tambayi masu manhajar tun yanzu, a rubuce: in mun bar ku, kwana nawa za ku riƙe mana bayananmu, kuma a wane tsari za ku ba mu?

Baba_Idi_Araba: Na takardar fa, a ƙone bayan an ɗauki hotonsu?

Hajiya_Rabi_Ikeja: A'a Baba. Duk abin da mutum ya sa wa hannu, yarjejeniyar aiki, fam ɗin magaji, takardar karɓar haƙƙinsa na ƙarshe, a bar asalinsa har wa'adinsa ya cika. A jera su da lambar ma'aikaci, a rubuta lambar kwalin a cikin manhaja. Kuma a Apapa kada a ajiye kwali a ƙasa ko a jingine da bango, ruwan Yuni da Yuli da danshi da gara ba sa barin takarda. Kanta ta ƙarfe, a bene in akwai. In wa'adi ya cika injin yanka takarda, ba a ba mai ƙosai ba.

Umar_Sabar: Tambaya ga Barista. In wa'adi ya cika aka goge mutum daga manhaja, amma yana nan cikin kwafin ajiya na shekarun baya, an goge ke nan ko ba a goge ba?

Barista_Hadiza: Shi ya sa kwafin ma sai an yanke masa wa'adi, tsofaffi su riƙa faɗuwa da kansu. Kuma a riƙe rajistar gogewa mai lambar ma'aikaci da rana kawai, ta yadda in an dawo da tsohon kwafi za a sake bi a share su.

Maman_Khalifa: Ni dai ko nawa kuka yanke, a cire min jadawalin fansho daga ciki.

Sani_Apapa: Hajiya, saura waɗanda suka ɓace ba sallama. Akwai direbobi kusan 60 da ba takardar komai, wasu ma da katin shaidar kamfani suka tafi. In sa musu "ya ajiye aiki"?

Hajiya_Rabi_Ikeja: Kada ka rubuta abin da bai faru ba. A buɗe dalili na daban, barin aiki ba sanarwa. A aika wasiƙa zuwa adireshin ƙarshe da saƙon waya, a ba shi wa'adin da dokokin kamfaninku suka tanada, a ɗora kwafin wasiƙar da shaidar aikawa a fayil, sannan a rufe da ranar da ya yi aiki na ƙarshe. Lambobin katin kuma a miƙa wa masu gadin ƙofa da ofishin lodi tun yau.

Barista_Hadiza: In yana bin kamfani kuɗin kwanakin da ya yi, a lissafa a rubuta a fayil ɗin ko da bai zo karɓa ba. Waɗanda suka tafi da kaya ko ake zargi da wani abu kuma a ware su, ina so in ga me dokokin kamfanin suka ce kafin a aika musu komai.